Maki 248 da Amanar Malami

Masu iya magana kan ce gaskiya ɗaci gare ta. Ba kuwa wanda ya san ɗacin nan kamar malamin da aka kawo wa sakamakon ɗalibinsa, aka ce ya faɗi abin da ya hango. Irin wannan nauyi ne ya faɗa kan wani dattijon malamin Kemistiri a ƙasar Zazzau cikin daminar 2025. Ran nan da la'asar sakaliya yana zaune a zaurensa, sai ga maƙwabcinsa, wani tela, tafe da 'yarsa ta fari, wadda ta fi kowa ƙwazo a ajin da malamin ya yaye a shekarar. Bayan an gaisa, telan ya miƙa takardu biyu, ya ce, "Malam, likita take son zama, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta zaɓa. Ka duba mana, za ta samu?"

Malam ya sa tabarau, ya fara da sakamakon WAEC. Yarinyar ta sami kiredit a darussa biyar ɗin da ake bukata, wato Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama guda. Wannan ya faranta masa rai, amma ya san kiredit ƙofar zaure kurum yake buɗewa, ba ya kai mutum tsakar gida.

Takarda ta biyu ita ce ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 don ta haɗa jarrabawar shiga jami'o'in Nijeriya wuri guda, bayan a da kowace jami'a tata take shiryawa. Shi Malam da fensir ya rubuta tasa, yarinyar kuwa a kan kwamfuta, kamar yadda kowa ke yi tun 2015. Ta sami maki 248 cikin 400. Haƙiƙa wannan ba abin rainawa ba ne, domin a sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 2, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Labarin nan telan ya ji a rediyo, shi ya sa ya shigo da fara'a.

To, a nan gizo ke saƙar. Ba da dukkan ɗaliban ƙasa za a gwada yarinyar ba, da waɗanda suka nemi likitanci a wannan jami'a za a gwada ta, su kuwa zakarun makarantunsu ne kamar ita. Daɗin daɗawa, guraben likitanci ƙidayayyu ne. Majalisar da ke kula da aikin likita a Nijeriya ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikin asibitin koyarwarta. Saboda haka makin da zai wadatar a wani sashe, a nan sai ya kasa. Ga kuma tantancewar da jami'o'i suka soma yi da kansu tun 2005, wadda kan ɗaga wani, ta sauke wani.

Malam ya kuma auna tsarin rabon gurabe na jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'a ke ɗiba, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani. Kasancewarta 'yar Jihar Kaduna zai taimake ta a kaso na biyu, sai dai ba ita kaɗai ce 'yar yankin ba. Da ya tuna ɗalibansa na baya, waɗanda suka shiga da waɗanda aka bari, sai ya ga makinta bai kai inda hankali zai kwanta ba.

Ya daɗe shiru, domin ya san abin da ke bayan tambayar. Telan ya sha tsayawa kai da fata a gaban 'yan'uwansa, waɗanda tun tana aji huɗu suke cewa a aurar da ita. Idan ta zauna shekara guda a gida ba karatu, bakinsu zai yi ƙarfi. Abu mafi sauƙi ga Malam shi ne ya ce, "Za ta samu, in Allah ya yarda," a rabu ana murna. Amma ya taɓa faɗa wa wani yaro haka don gudun ɓacin rai, yaron ya yi ta jira har aka rufe ɗaukar ɗalibai, daga nan bai sake komawa kan littafi ba. Abin bai bar zuciyarsa ba har yau.

Sai ya cire tabarau ya ce, "Ba zan ce ba zai yiwu ba, rabo na Allah ne. Amma in awo ka tambaye ni, rashin samu ya rinjayi samu." Fuskar telan ta sauya. Malam bai tsaya nan ba, ya shimfiɗa musu hanyoyi uku. Ko ta bar zaɓinta yadda yake, ta ƙoƙarta a tantancewa, tana sane da cewa wataƙila ta rasa shekarar. Ko ta sauya zuwa wani fannin kimiyya da makinta zai fi tasiri tun lokaci bai ƙure ba. Ko kuwa ta ɗaura ɗamarar sake jarrabawar baɗi, ta gyara Fiziks, inda ta fi rauni.

Yarinyar, wadda tun shigowarsu kanta ke sunkuye, ta ɗago ta ce, "Malam, in da 'yarka ce, wace za ka zaɓa mata?" Ya ce, "Da sai na fara tambayarta, sunan likita take so ko aikin?" Ta ce, "Aikin, Malam. Matan unguwarmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, don ba sa son namiji ya duba su." Malam ya juya ga mahaifin ya ce, "Ka ji. Saura kai. Za ka iya tsare mata shekara guda?"

Telan ya yi shiru, yana murza hularsa. Can ya nisa ya ce, "Na ɗauki alkawari, Malam. 'Yan'uwana kuwa ka bar ni da su."

Aka tsaya a kan ta bar zaɓinta yadda yake, amma kada ta zauna jira. Tun daga makon nan, kullum bayan la'asar sai ta zo zauren Malam da ƙanenta da littafin Fiziks, su yi ta aiki har a kira magariba. Telan kuwa, duk sanda ya wuce ƙofar gidan, sai ya ɗaga murya ya yi sallama, ba ya shiga, don kada ya katse karatu. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.