Kafin Mu Kai Aya Ta 11

Da yawanmu mun haddace Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya yi alkawarin shirin alheri. Muna liƙa ta a mota da shago, kamar gobe arziki zai ƙwanƙwasa ƙofa. Amma su wa aka rubuta wa?

Wasiƙa ce daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwasa zuwa Babila. A sura 28, Hananiya ya ce cikin shekara 2 za su komo. Irmiya ya ce sai shekara 70. Ke nan yawancin dattawan da suka saurari wasiƙar a can aka binne su. Alkawarin na al'umma ne, 'ya'ya da jikoki suka ci moriyarsa.

A aya 5 zuwa 7 kuwa an umarce su su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure, su yi wa birnin addu'a, domin zaman lafiyarsa shi ne nasu.

Mu da neman abinci ya kawo Legas, Ibadan ko Fatakwal, ba kamammu ba ne. Amma yaushe rabonmu da yi wa unguwar da muke haya addu'a? Allah ya ba garuruwan nan lafiya, mu ma mu samu.