Maharbin Da Ya Jira Ƙuri'a

A Jihar Oregon ta Amurka, akwai dazuzzukan da ba a farautar barewa a cikinsu sai da ƙuri'a. Wani maharbi ya shekara 7 yana miƙa takardarsa kafin 15 ga Mayu, yana faɗuwa. Kowace faɗuwa akan rubuta masa maki ɗaya, kuma kashi 75 cikin ɗari na lasin masu yawan maki ake ba. A shekara ta 8 ya dace. Ya shiga daji, ya komo hannu rabbana. Duk da haka ya aika da rahotonsa kafin 31 ga Janairu, domin wanda ya ƙi, tarar dala 25 ke jiransa. Da irin wannan rahoto hukuma ke auna yawan bareyin da za ta yarda a harba baɗi.