Dare Guda a Hamadar Borrego: Gajimaren da ke Sāke Kama

Cikin watan Janairu Allah Ya nufe mu da zuwa Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, muka hau Dutsen Palomar, wanda tsawonsa ya haura ƙafa 6,000. A bisansa ne aka kafa madubin hangen taurarin nan da ake kira Hale, mai faɗin inci 200. Baƙo ba ya samun damar leƙawa ta cikinsa, sai dai ya dubi girmansa da rana ya yi mamaki. Amma a can muka ji labarin da ya hana mu komawa masauki: ran 26 ga Janairu, 1949, sa'ad da masani Edwin Hubble ya fara gwada madubin, abin da ya fara ɗaukar hotonsa shi ne wani ɗan gajimare da ke can tsakanin taurari, mai lamba NGC 2261.

Saboda haka da la'asar muka gangara gabas zuwa Borrego Springs, wani ƙaramin gari a tsakiyar hamada, wanda tun 2009 aka sa shi cikin garuruwan da ke kiyaye duhun dare. Fitilunsu kaɗan ne, kuma duk ƙasa suke duba. A bayan gari muka tarar da wani dattijo, wanda ba sana'arsa ke nan ba, sha'awa ce kurum. Madubinsa mai faɗin inci 24 ne, irin ƙirar da John Dobson ya yaɗa, tsawonsa ya fi mutum, sai an taka tsani. Ya roƙe mu kada mu kunna tocila sai ja, domin ido na bukatar wajen rabin sa'a kafin ya saba da duhu.

To, masu karatu, ba za mu ɓoye muku ba: leƙen farko bai gamsar da mu ba. Mun zo da hotunan littattafai a ka, sai ga wani ɗan toka-toka kamar hayaƙin turare. Dattijon ya ce mu ɗan kawar da ido gefe, kada mu zura masa kai tsaye. Nan take siffarsa ta fito, kamar mafici, ko kuwa tauraro mai wutsiya, da ɗigon haske a tsininsa na kudu.

Wannan gajimare ƙura ce da iska, ba shi da hasken kansa. Aro yake yi daga wani jaririn tauraro mai suna R Monocerotis, wanda ke lulluɓe cikin ƙurar da aka halicce shi daga gare ta. William Herschel ne ya fara ganinsa daga Ingila a 1783, amma sai a 1916 Hubble ya gwama hotuna ya tabbatar cewa kamanninsa na sākewa. Abin ya ɗaure wa masana kai, gama abu mai irin wannan girma ba ya yiwuwa ya motsa cikin 'yan makonni. Ashe ba shi ke motsi ba. Curin ƙura ne masu kauri ke kewaya kusa da tauraron, suna jefa inuwa a jikinsa, kamar yadda yaro kan gitta hannu gaban fitilar ƙwai, inuwar ta cika bangon ɗaki. Nisansa kuwa, hasken da ya shiga idonmu a daren nan ya yi wajen shekara 2,500 yana tafe, alhali haske na cin mil 186,000 cikin daƙiƙa guda.

Sai dai dare ɗaya ba ya nuna wa mutum canji, kuma canjin muka zo nema. Da muka faɗi haka, dattijon ya ɗauko littafinsa na zane da fensir, kowane shafi da kwanan wata. A wani shafin maficin cike yake da haske, a wani an tsaga shi da baƙin layi. A ganinmu wannan littafi ya fi madubin kansa daraja. Ya miƙa mana fensir, muka zana abin da muka gani da yatsun da sanyi ya ƙandare.

Gajimaren na gabas da jan tauraron nan Betelgeuse, mai suna daga Larabci, kuma wurin yana bisa kanmu a ƙasar Hausa lokacin ɗari, in hazo bai tare ba.

Bayan mako biyar da komowarmu gida, sai ga saƙon dattijon da sabon zane a gefen namu. Wata inuwa ta ci gefe guda na maficin, daidai inda muka zana haske.