Argungu ba sai ranar gasar kamun kifi ba

Jama'a, bari in tona wa kaina asiri. A Birnin Kebbi aka haife ni, yau shekaruna sun haura arba'in, amma ban taɓa taka ƙafata cikin Gidan Tarihi na Kanta ba sai Asabar ɗin da ta wuce. Argungu kuwa na je ta ya fi a ƙirga: ɗaurin aure, ta'aziyya, da bikin kamun kifi na 2020 da aka dawo da shi bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Kullum sai in wuce ta gefen gidan in kama gabana.

'Yata ce ta jawo. An ba su aikin gida a makaranta, ta zo ta ce, "Baba, wane ne Kanta?" Na ce wani sarki ne jarumi. Ta ce, "To me ya yi?" Nan na fara kame-kame, har na kai hannu ga waya. Kunya ta kama ni wallahi.

Da na ce za mu je mu gani da idonmu, uwargida ta kalle ni ta ce, "A wannan marrar?" Tana da gaskiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk wata tafiya da ba ta dole ba mun soke ta. Na ware naira dubu ashirin da biyar, na ce ko sisi ba zan ƙara ba. Na bar motata a gida, muka shiga ta haya daga tasha, ni da yara biyu. Tuwon shinkafar dare aka ɗumama mana muka ci kafin mu fita, ruwa kuma muka cika gora. Sai da na kira wani aminina na can na tambayi lafiyar hanya, don zamanin nan ba a fita da ka. Shi ne ma ya ba mu masauki, kuɗin otal ya huta.

Kamar awa ɗaya muka isa. Gidan na ƙasa ne, tsohuwar fadar Sarkin Kabi, wadda sarakuna suka zauna a ciki har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Ga masu, ga takubba, ga kwari da baka, ga tambura, ga kayan su, kuma a nan kaburburan sarakuna suke. Mai yi mana bayani ya faɗa wa yaran yadda Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Songhai a ƙarni na 16, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame. Da ya zo kan yadda masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, har daga baya Kabawa suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu, sai 'yata ta ja rigata ta ce, "Baba, garinmu fa ake nufi?" Na ce shi fa. Ni kaina ban taɓa haɗa labarin a jere haka ba.

Da la'asar muka gangara Matan Fada. Wanda ya san wurin ranar gasa kaɗai ba zai gane shi ba. Babu ganga, babu jiniya, babu turereniya. Ruwa kwance, iska na kaɗawa. Wani dattijo na zaune a inuwa yana ɗinkin homarsa, muka gaishe shi. Ya ce, "Ɗiyana, daga ina kuka hito?" Na ce Birnin Kebbi, Baba. Ya yi dariya ya ce ai mu 'yan gida ne, baƙi sai lokacin biki. Ya nuna wa ƙaramin yadda ake kifa ciki a kan gora a yi iyo, ya ba su labarin giwan ruwa. Ya ce ba a su a wannan yanki sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa kifin ke samun girma.

Kowa ya san bikin ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin da ke damuna shi ne mun mayar da garin na kwana huɗu a shekara. Mai soya kifi, ɗan acaɓa, mai kwalekwale, su fa sauran watannin? Muna ta kiran gwamnati ta kawo Turawa 'yan yawon buɗe ido, mu da ke nan kusa ba mu kai 'ya'yanmu ba. Makarantu nawa ne a Birnin Kebbi suka taɓa cika bas ɗaya da ɗalibai zuwa can?

Mun ci soyayyen kifi da yaji, mun kwana, Lahadi da hantsi muka juyo. Canjin da ya rage na saya wa uwargida busasshen kifi, don a samu sauƙin shari'a. 'Yata ta cika shafi biyu a kan Kanta, yanzu kuma ta tasa ni gaba wai sai mun je Surame. Wanda ya san hanyar da halin da take ciki, don Allah ya yi mini bayani a ƙasa.