Ranar Da Ɗalibina Ya Gyara Mini Kuskure A Kan Roba

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, yau kuskurena zan ba ku labari. Wata ranar Asabar muna darasin Musɗalahul Hadisi, ina ƙoƙarin fahimtar da ɗalibai ma'anar isnadi munƙaɗi'i, sai na buga musu misali da wayar lantarki, na ce da zarar roba ta shiga tsakani wuta ta yanke, domin roba ba ta ɗaukar lantarki har abada. Wani yaro da ke taya yayansa gyaran rediyo ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, akwai robar da ke ɗauka, tana cikin rimot." Na ce masa ya zauna, ba ajin makanikai muke ba. Aji ya yi dariya, yaro ya sunkuyar da kai.

Da dare zuciyata ta ƙi kwanciya. Na buɗe wani tsohon rimot, sai ga baƙin ɗigo a ƙarƙashin kowane maɓalli. Roba ce da aka cuɗa da garin kabon mai laushi irin na kunkunniya, kuma ita ke haɗa wuta idan an danna. Subhanallah! Yaro ya yi gaskiya, malaminsa mai takardar jami'a ya yi kuskure.

Da na bi diddigin lamarin, sai na tarar fage ne babba. Roba da leda duk dangin abin da masana ke kira polima ne, kuma asalinsu ba sa barin lantarki ya wuce. A shekarar 1977 Hideki Shirakawa na Japan da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa wata polima tana ɗaukar wuta idan aka sa mata sinadarin aidin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. Hanya ta biyu ita ce ta rimot ɗina, wato a zuba kabon cikin robar da ba ta ɗauka. A 1991 Sumio Iijima ya bayyana siraran bututan kabon waɗanda ake auna kaurinsu da nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A 2004 kuma Andre Geim da Konstantin Novoselov, a Jami'ar Mancesta ta Ingila, suka yi ta ɓare baƙin da ke cikin fensir da salatif har suka samu shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wadda ake kira girafin. Su ma sun karɓi Nobel a 2010.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda haɗin yake aiki. Idan aka zuba kabon kaɗan, kowace ƙwaya tana zaune ita kaɗai, roba ta kewaye ta, wuta ba ta wucewa. A ƙara, shiru. A sake ƙarawa, shiru. Sai an kai wani haddi inda ƙwayoyin suka jeru suka sadu tun daga wannan gefe har zuwa wancan, a nan take sai ƙarfin wucewar wuta ya ninka sau dubbai. Garin kabon yana bukatar a zuba shi da yawa kafin a kai wannan haddi, amma bututan nan, saboda tsawonsu da sirantarsu, sau da yawa ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ya wadatar. Da irin wannan ake taimaka wa batirin waya, da shi ake yin ledar da ke kare kayan kwamfuta daga tartsatsin lantarki.

Ashe misalin ittisali da nake nema yana cikin abin da na ƙaryata! Yawan maruwaita ba ya amfanar da isnadi matuƙar akwai gurbi ɗaya a tsakani. Har na yi murmushi da na karanta cewa wutar kan tsallake ɗan giɓi na nanomita kaɗan ko da ƙwayoyin ba su taɓa juna ba, domin ya tuna mini saɓanin da ya shahara tsakanin sharaɗin Imam Bukhari na tabbatar haɗuwa da na Imam Muslim na zamani ɗaya tare da yiwuwar haɗuwa. Amma misali ne kawai. Ba na cikin masu jan kowane binciken kimiyya su ɗaura shi da ƙarfi a wuyan nassi, domin binciken kan sauya gobe.

Sannan na dubi kwalbar tawadarmu ta allo. Gawayi ne da ƙaro, kuma ƙaro ma polima ce. Kakanninmu ba su yi ta don lantarki ba, kuma ba zan ce sun riga kowa ba, sai dai haƙiƙa kabon cikin polima muka tashi muna rubutu da shi.

Abin da ya yi mini nauyi shi ne komawa aji. Shaiɗan ya raya mini cewa in kira yaron gefe ya isa, kada kwarjinina ya zube. Amma a bainar jama'a na kunyata shi. Ranar Lahadi na shiga da rimot ɗin a buɗe, na ce jiya na faɗi abin da ban sani ba, na nemi gafararsa, na miƙa masa alli ya yi bayani. Hannunsa na rawa, ya zana maɓalli da baƙin ɗigon a allo. Da ya gama sai ya ƙara da cewa kada kowa ya dogara da baƙar roba ya taɓa wayar wuta, na ce kowa ya rubuta wannan a littafinsa.