Jar Fitilar Baƙin Mai: In Ta Kama, A Tsaya



Ya kai mai karatu, in ka taɓa zama a gidan gaba na mota, ka ga wasu 'yan fitilu da ke kamawa a gaban direba da zarar ya murɗa makulli. Akwai wata ja a cikinsu mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta. Ita ce fitilar baƙin mai. In inji ya tashi lafiya, cikin daƙiƙa biyu ko uku za ta mutu. In kuwa ta ƙi mutuwa, ko ta kama ana cikin tafiya, to magana ta taso.

Ni a gidan direba na tashi. Mahaifina ya daɗe yana jigilar fasinja tsakanin Gezawa da Kano da Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Tun ina ɗan shekara goma, aikina ne kullum da sassafe in riƙe masa tsumma yana duba mai. A wurinsa na koyi abin da zan gaya maka.

Ka sani cikin inji ƙarfe ne ke juyawa a jikin ƙarfe, sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya in ana tafiya. Abin da ke shiga tsakaninsu shi ne baƙin mai. Man yana kwance ne a gindin inji, lita 4 zuwa 5 a yawancin ƙananan motoci. Famfo ne ke zuƙo shi ta wata rariya, ya bi da shi ta filta, ya tura shi da ƙarfi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ɗan'uwansa. To, ƙarfin turawar nan shi fitilar ke gadi. Ɗauki misalin injin ban-ruwa a fadama: rijiya na iya zama cike, amma in bakin tiyo ya toshe, ko ɗigo ba zai kai ga tumatir ba. Haka mai zai iya zama cike a mota, fitila kuma ta kama.

Me za a yi in ta kama? Da farko a sauka gefen titi inda babu haɗari, a kashe inji nan take, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan mota. A jira kamar minti goma mai ya gangara ƙasa. Sannan a zaro geji, wato siririn ƙarfen awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinsa, kuma a motoci da yawa tsakaninsu kamar lita ɗaya ne. In mai ya gaza zanen ƙasa, a ƙara kaɗan-kaɗan, kada ya haura na sama, a kuma leƙa ƙarƙashin mota ko yana yoyo. In an tayar fitila ta mutu kuma babu baƙuwar ƙara, a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa. Amma in mai na nan cike fitila ta ƙi mutuwa, ko inji na ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma, kada a sake tayarwa. A kira bakanike, ko a jawo motar.

Wata rana a bazara na shiga bas zuwa Yankaba. Mun wuce Jogana kaɗan sai fitilar ta kama, direba ya sauka gefe ya kashe mota. Nan fa fasinja suka yi masa caa. Wani mai buhunan albasa ya ce, "Haba direba, saura ƙiris fa, mu ƙarasa mana, kasuwa za ta watse!" Direba ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In na ƙara kilomita biyu a haka, ni da iyalina za mu yi wata uku muna zaune." Aka duba, ashe filta ce ta kwance, mai ya tsiyaye a hanya. Yaron mota ya hau babur ya sayo galan ɗaya, aka ɗaure filta, ba a yi awa ɗaya ba muka kama hanya.

Wani maƙwabcinmu kuwa, da fitilarsa ta dame shi da ƙiftawa, sai ya sa aka cire mata waya don hankalinsa ya kwanta. Ba a yi sati biyu ba inji ya buga. Sai da ya sayar da buhunan gero da gyaɗar da ya ajiye, ya tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani injin. Gaskiya ne wani lokacin ɗan makunnin fitilar ne ke lalacewa, inji kuwa lafiya lau. Amma bakanike ne zai tabbatar da haka, ta hanyar ɗaura ma'aunin ƙarfin mai a jikin inji. Makunnin ba shi da tsada, a canja shi kawai.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, mai ya tsinke, shi ya sa tsohon inji kan ƙifta fitila in ya yi zafi yana tsaye a cunkoso. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye kamar Tumbau da Wangara tana shiga inji, ta haɗu da tsohon mai ta zama taɓo, ta toshe rariya. Saboda haka a yi juye a kan lokaci, a canja filta tare da mai. A sayi mai a rufaffen galan, mai lambar da kamfanin motar ya faɗa, kamar 20W-50 ko 5W-30. Man da ake ɗurawa a kwalabe a bakin titi ba a san asalinsa ba. In kuma ka ga shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, inji na shan mai ke nan, sai a yawaita dubawa.

Kai ɗalibi, kada ka ce ba ka da mota. Babur ɗin yayanka, da A-daidaita-sahu, da injin niƙa, da janareta, duk da baƙin mai suke aiki. Ka roƙi Baba ya nuna maka yadda ake karanta geji, ka riƙa tuna masa kafin doguwar tafiya. In kana cikin mota ka hango jar fitilar nan, ka faɗa wa direba cikin ladabi, domin mai yiwuwa hankalinsa na kan titi. Ku kuma iyaye, in direba ya tsaya saboda ita, a ba shi haƙuri maimakon tsawa, rayukanmu da abincinsa yake karewa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.