Tukunyar da ta bar wurinta

A lakwal an koya mana Songai, an koya mana Borno da Gobir da Katsina. Mutanen Bura kuwa, sai da na girma na ji sunansu, alhali ƙasar nan tamu suka zauna.

Bura wani wuri ne wajen Tera, cikin jihar Tilaberi. A 1975 aka gano shi. A 1983 masanin nan Bube Gado, na jami'ar Yamai, ya haƙa wani fili da bai wuce mita 25 a tsawo da 20 a faɗi ba, ya tarar da tukwane 630 na maƙabarta, a kife, jere kusa da juna. Wasu da kan mutum a bisansu. An samu kibau na ƙarfe da duwatsun wuya da mundaye, har da mahayin doki na yumɓu. Masu bincike sun ce mutanen sun rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13.

Ni abin da ya fi kama mini hankali shi ne faɗin ƙasar da suka mamaye. Bura suna ne na wuri guda, amma irin tukwanen nan an same su a wurare da dama, yamma da kogin Kwara, har cikin Burkina Faso, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Nan maƙabarta, can kufai, gaba kuma wurin da aka narka tama. Na taɓa ɗiga wuraren da na sani cikin kayena, sai na ga ɗigon bai san da iyakar da Turawa suka ja ba. Mutanen ba su bar rubutu ba. Taswirar wuraren da suka zauna ita ce littafinsu: ita za ta faɗi inda suka fara, ruwan da suka bi, da waɗanda suka yi ciniki da su.

To, littafin nan ake yagewa. Bayan baje kolin da aka yi a Paris a 1993, masu kuɗin waje suka ga kayan, suka so su. Sai aka shiga haƙa babu ji babu gani. A 2000 har an sa kayan Bura cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗarin sata. Ban ga laifin manomin da damina ta ƙi masa, aka miƙa masa ƴan jikkuna ba. Yunwa ba ta san tarihi ba. Amma tukunyar da aka tone da dare, aka kai ta falon wani a Turai, ta zama kurma. Ba wanda zai ƙara sanin ramin da ta fito, ko me ke ƙarƙashinta. Ɗigo ɗaya ya goge ke nan, har abada. Yau kuma rashin tsaro a yankin ya sa aikin bincike ya yi wuya.

Ƴan'uwa, mu ma a Maradi da Damagaram da Tawa muna da kufai. Wa bai taɓa ganin tsingaro ko kashin maƙera a gona ba? In kun gani, ku bar shi inda yake. Ku rubuta sunan garin da na gonar, ku ɗauki hoto da waya, ku tambayi tsofaffi sunan da suke kiran wurin, ku kai wa malaminku na tarihi. Ko ba mu da kuɗin haƙa, wannan kam muna iyawa.